An Sake Wa Tuwo Suna Ne? Maganar Wayar Galaxy S25 Da Kuɗinta

Ran 22 ga Janairu, 2025, a jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, shugabannin kamfanin Samsung na Koriya ta Kudu suka tara jama'a suka nuna musu manyan wayoyinsu na hannu na waccan shekara. Ƙaramar cikinsu, wadda a ke kira Galaxy S25, aka yanka mata kuɗi dala 799. Tun daga ranar gardama ta tashi tsakanin masu sanin sha'anin waya. Waɗansu suka ce ai wannan wayar bara ce da ta bara waccan, suna kurum aka sake mata. Waɗansu kuwa suka ce a'a, da tsohuwar zuma a kan yi magani, abin da ya yi aiki shekara da shekaru ba a taɓa shi don neman suna. Mun ga ya kamata mu warware wa masu karatu wannan magana, domin malami ko akawu wanda ya yi shekara biyu yana tara kuɗi don ya sayi babbar waya bai kamata ya shiga kasuwa da ka kawai ba.

Bari mu fara da abin da ba a gardama a kansa, watau lissafin kayan da ke cikin wayar. Galaxy S25 tana da idon ɗaukar hoto guda uku a bayanta. Babban yana ɗaukar hoto mai ɗigo miliyan 50, na biyu mai faɗaɗa wuri yana da miliyan 12, na uku mai jawo abu kusa ninki uku yana da miliyan 10. To, wannan lissafi shi ne daidai na Galaxy S22, wadda ta fito cikin Fabrairu, 2022. Haka ya ke a S23, haka ya ke a S24. Shekara huɗu jere ke nan ba a ƙara wa idon nan girma ba. Batirinta kuma yana cin 4,000 bisa ma'aunin da a ke kira mAh, watau ma'aunin yawan wutar da batir ke iya riƙewa. Wanda ya duba baya zai tarar Galaxy S20 ta shekarar 2020 ita ma 4,000 ɗin ta ke da shi. A tsakani ma an rage shi zuwa 3,700 a S22, sa'an nan aka riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan har aka komo inda aka tashi. Ƙarfin shan cajinta kuwa wat 25 ne, kamar dai yadda ya ke tun 2020. Kan cajin ma tun 2021 aka daina sa shi cikin kwali, sai mai saye ya nemi nasa dabam.

Ba za mu ɓoye abin da ke sabo ba. Ƙwaƙwalwar wayar, watau ɗan guntun nan da ke yin dukan lissafi a cikinta, sabuwa ce fil a lokacin da wayar ta fito, ƙirar kamfanin Qualcomm na Amurka, sunanta Snapdragon 8 Elite, kuma a farkon 2025 babu wata wayar Android da ke da wadda ta fi ta. An kuma ƙara wurin da ta ke baza aiki sa'ad da ta ke yi, daga gigabait 8 zuwa 12. Da ya ke sabuwar ƙwaƙwalwa ba ta shan wuta kamar ta da, batirin nan na 4,000 ya fi daɗewa a S25 bisa yadda ya ke a magabatanta. Hoto kuma a zamanin nan ba ido kaɗai ke yinsa ba, ƙwaƙwalwa ce ke gyara haske da launi bayan an ɗauka, saboda haka tsohon ido da sabuwar ƙwaƙwalwa ya kan ba da hoton da ya ɗan fi na bara. Wannan gaskiya ne, kowa ya musa bai yi adalci ba.

Amma fa ƙwaƙwalwar nan ba ta Samsung kaɗai ba ce. Qualcomm ɗan kasuwa ne, duk wanda ya zo da kuɗi ya kan sayar masa. Cikin watan Janairun nan na 2025 kamfanin OnePlus na ƙasar Sin ya kai wayarsa OnePlus 13 kasuwannin duniya a kan dala 899, da irin wannan ƙwaƙwalwa, da batir mai cin 6,000, da caji mai ƙarfin wat 80 a Amurka, wanda ke cika batirin tun daga ƙasa har sama cikin abin da bai kai minti 45 ba, alhali S25 sai ta wuce sa'a guda tana maƙale da bango. Mai kāre Samsung zai ce OnePlus 13 ƙatuwa ce, dole ta sami wurin sa babban batir. To, ga Xiaomi 15, wadda aka kai Turai cikin Maris, 2025. Girman fuskarta inci 6.36 ne, ta S25 kuwa inci 6.2, watau kusan sa'o'in juna ne, amma batirinta 5,240, cajinta wat 90, idanunta uku kowanne ɗigo miliyan 50. Asirin abin shi ne kamfanonin Sin sun koma ga wani sabon haɗi na batir wanda a ke gauraya sinadarin silikon a cikinsa, shi ya sa ya ke riƙe wuta mai yawa a ɗan ƙaramin wuri. Samsung bai bi su ba a wayoyinsa na 2025.

Me Ya Hana Samsung Motsi?

Dalili na farko da a ke ambata shi ne tsoro, kuma tsoron yana da tushe. Cikin Agusta, 2016, kamfanin ya fitar da Galaxy Note 7, ba a yi wata guda ba batiran waɗansu suka soma kama wuta a hannun mutane. Aka janye su aka ba da waɗansu, su ma suka kama. Cikin Oktoba aka daina ƙera wayar ɗungum, hukumomin Amurka suka hana shiga jirgin sama da ita, kamfanin da bakinsa ya ƙiyasta hasararsa fiye da dala miliyan 5,000. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Kamfanin da ke sayar da wayoyi fiye da miliyan 200 a shekara, in aibi ya shiga ɗaya cikin dubu, ya sami dubban ɗaruruwan masu kuka. Batir mai silikon kuwa an san yana kumbura yana motsewa sa'ad da a ke cajinsa fiye da na gargajiya, shi ya sa masu taka-tsantsan ke jinkiri da shi. Wannan uzuri mun karɓe shi rabi.

Akwai kuma wata ƙa'ida ta jigilar kaya tsakanin ƙasashe, wadda ta ce ƙwayar batir guda in ta wuce awo 20 bisa ma'aunin wat a sa'a, sai a ɗauke ta a matsayin kaya mai hatsari sosai, a tsananta sharuɗɗan ɗaukarta. Batir mai cin 5,000 yana gab da wannan iyaka, watau wajen awo 19 da 'yan kai. Wannan na iya zama hujja ga babbar yayarta, Galaxy S25 Ultra ta dala 1,299, wadda ta tsaya a kan 5,000 kamar kowace Galaxy S Ultra tun daga 2020, ko da ya ke OnePlus ya kauce wa ƙa'idar ta hanyar raba batirinsa gida biyu. Amma ga ƙaramar S25 hujjar ba ta tsaya ba ko kaɗan, domin batirin 4,000 bai kai awo 16 ba, da sauran fili mai yawa kafin a taɓa iyaka. Hasali ma cikin Mayu, 2025, kamfanin ya nuna inda hankalinsa ya ke, da ya fito da Galaxy S25 Edge, siririya mai kaurin milimita 5.8, da batir 3,900, a kan dala 1,099. Watau an zaɓi kyan gani bisa daɗewar wuta, kuma an nemi ƙarin kuɗi a kan zaɓin.

A ganinmu babban dalili ba tsoro ba ne, ba kuma dokar jigila ba ce. Rashin mai kora ne. Kasuwar da ta fi kawo wa Samsung riba a kan manyan wayoyi ita ce Amurka, can kuwa shi da Apple ne suka raba yawancin kasuwar tsakaninsu. Gwamnatin Amurka ta sa wa Huawei takunkumi cikin Mayu, 2019. Xiaomi da Oppo da Vivo kuma ba su kai wayoyinsu can ta hanyar kamfanonin sadarwa ba, alhali ta hannun kamfanonin nan ne yawancin Amurkawa ke karɓar waya, su riƙa biya kaɗan kaɗan wata wata har shekara biyu ko uku, a kuma karɓi tsohuwarsu a rage musu kuɗi. Mutumin da ke biyan 'yan daloli a wata, ga wuta a gida ga wuta a ofis ga wuta a mota, ina ruwansa da girman batir? A ƙasar Sin kuwa, inda tseren ya fi zafi, Samsung ya daɗe da zama ɗan kallo, har ya rufe masana'antarsa ta waya ta ƙarshe a can cikin 2019.

In ka ga ƙi-gudu, sa-gudu ne bai zo ba. Labarin Apple ya isa shaida. Cikin Satumba, 2022, ya fitar da iPhone 14 a kan dala 799 da ƙwaƙwalwar A15, wadda ya riga ya yi amfani da ita a wayoyin 2021. Har zuwa iPhone 16 ta 2024 fuskar ƙaramar wayarsa tana sabunta hoto sau 60 ne kurum a daƙiƙa, alhali wayoyin Android waɗanda ba su kai rabin kuɗinta ba sun daɗe da kai 120. Shekara da shekaru masu kāre shi suna cewa idon mutum bai damu da wannan ba. Sai ga shi cikin Satumba, 2025, bayan kamfanonin Sin sun matsa masa a kasuwarsu, ya fito da iPhone 17 da fuska mai 120, ya ninka rumbun ajiyarta zuwa gigabait 256, kuɗi kuma yana nan dala 799. Ashe abin yana yiwuwa tun tuni. S25 kuwa a kan wannan kuɗi gigabait 128 aka bayar.

Hujjar Shekara Bakwai

Yanzu sai mu zo ga hujjar da ta fi kowace ƙarfi a wajen masu goyon bayan Samsung, kuma lalle ta cancanci a tsaya a kanta. Waya ba ƙarfe da gilashi kaɗai ba ce. Akwai manhajar da ke tafiyar da ita, wadda dole a riƙa sabuntawa a kai a kai ana toshe ƙofofin da ɓarayi ke bi su shiga, musamman yanzu da albashi da ajiyar banki duk ta cikin waya su ke wucewa. Ranar da kamfani ya daina aiko da wannan gyara, waya ta zama gida marar ƙyaure, ko da jikinta garau ya ke. Tun daga S24, cikin Janairu, 2024, Samsung ya yi alkawarin shekara bakwai yana sabunta manyan wayoyinsa, saboda haka S25 tana da gyara har farkon 2032. OnePlus 13 da Xiaomi 15 kuwa alkawarinsu sabuwar Android sau huɗu ne, da gyaran tsaro shekara shida. Har wa yau, a takardun shaida da Tarayyar Turai ta wajabta wa masu sayar da waya tun daga 20 ga Yuni, 2025, Samsung ya rubuta cewa batirin S25 zai jure cikawa da ƙarewa sau 2,000 kafin ƙarfinsa ya sauka ƙasa da kashi 80 cikin ɗari, alhali da yawa daga cikin abokan gasarsa 1,000 suka rubuta. Ga kuma maganar tsadar rayuwa: dala 799 aka sayar da S21 a 2021, dala 799 aka sayar da S25 a 2025, a tsakani kuwa farashin kaya a Amurka ya tashi da wajen kashi ɗaya cikin biyar. Wanda ya riƙe farashi wuri ɗaya cikin irin wannan hali, a haƙiƙa ragi ya yi.

Duk wannan mun ji. Amma akawu ya san ba a rufe littafi sai an duba shafi biyu. Da fari dai shekara bakwai ɗin nan alkawari ne, ba a ga cikarsa ba tukuna, domin wayar farko da aka yi wa irinsa, Pixel 8 ta kamfanin Google wadda ta fito cikin Oktoba, 2023, sai 2030 wa'adinta zai cika. Kuma an riga an ga alamar yadda cikawar ke tafiya: Android 15 ta isa wayoyin Google cikin Oktoba, 2024, amma masu S24 sai cikin Afrilu, 2025, suka fara samunta, wata shida baya. Sa'an nan alkawarin ba na Samsung kaɗai ba ne. Google ya sayar da Pixel 9 a 2024 a kan dala 799 ɗin nan, da shekara bakwai ɗin, da batir 4,700.

Abin da ya fi ba mu mamaki kuwa a cikin gidan Samsung kansa ya ke. Cikin Maris, 2025, kamfanin ya fito da Galaxy A56, wadda ya ke lissafawa cikin matsakaitan wayoyi, kuɗinta dala 499. Batirinta 5,000, cajinta wat 45, alkawarin sabuntawa shekara shida. Cikin Satumba kuma ya ƙara da Galaxy S25 FE a kan dala 649, da ƙwaƙwalwar 2024, da batir 4,900, da caji wat 45, da shekara bakwai cif. To, jama'a, in tsoron gobara ne ya hana a ba wayar dala 799 caji mai sauri, yaya aka ba ta dala 499? Mu raba kuɗin bisa shekarun alkawari, kamar yadda a ke koya wa yara a aji: S25 ta tashi dala 114 a shekara, S25 FE dala 93, A56 kuwa dala 83. Lalle ƙwaƙwalwar A56 ba ta kama ƙafar ta S25 ba, ba ta kuma da idon jawo abu kusa, jikinta ma ya fi girma da nauyi. Amma a nan an bi tsarin ciniki na gaskiya: an rage kaya, an rage kuɗi. Haka OnePlus ya yi da 13R, ya sa mata ƙwaƙwalwar shekarar da ta gabata, ya sayar dala 599. Tsufan kaya ba laifi ba ne in an faɗa, an kuma sauke farashi. Inda magana ta ke shi ne a bar kaya su tsufa, kuɗin ƙera su ya sauka a wajen kamfani, mai saye kuwa bai ga sauƙin a aljihunsa ba.

Wannan lissafi duk da dala muka yi shi, mai karatu kuwa da naira a ke biyansa, nan ne kuma abin ya ke sake kama. A farkon 2021, bisa farashin Gwamnati, dala guda wajen naira 380 ce, watau dala 799 ta tashi kimanin naira 304,000, albashi mafi ƙanƙanta kuwa a lokacin naira 30,000 ne. Albashin wata goma ke nan. Bayan an saki naira ta nemi farashinta a kasuwa cikin Yuni, 2023, dala ta kai wajen naira 1,500 a farkon 2025, dala 799 ta zama kusan naira miliyan 1.2. An ƙara mafi ƙanƙantar albashi zuwa naira 70,000 cikin Yuli, 2024, amma duk da haka sai ma'aikaci ya haɗa na wata 17 bai ci bai sha ba, ba a ma sa kuɗin kwastan da ribar ɗan kasuwa ba. Ragin nan da Ba'amurke ya samu don an riƙe farashi, mu bai iso mu ba. A wurinmu idon hoto na 2022 da cajin 2020 sun ƙara tsada ƙwarai.

Kuma kayan da aka bari suka tsufa su ne daidai waɗanda muka fi bukata. Ba mu manta da Oktoba, 2024, ba, sa'ad da manyan layukan wutar lantarki suka lalace, yawancin jihohin Arewa suka kwana fiye da mako guda cikin duhu, shagunan caji suka cika maƙil. Ko ba a irin wannan hali ba, wanda wuta ke zo masa sa'a ɗaya ta ɗauke ya san bambancin wayar da ke cika kafin ya idar da cin abinci da wadda sai ta wuce sa'a. Ga zafi kuma. Masu ƙera waya da kansu su kan ce a yi amfani da ita tsakanin awo 0 da 35 na ma'aunin zafi, alhali a Sakkwato da Maiduguri cikin bazara a kan wuce 40, zafi kuwa shi ne babban abokin gāban batir. Gwajin sau 2,000 ɗin nan a ɗaki mai sanyi a ke yinsa. Ƙaramin batir ga mai yawan aiki sai an cika shi fiye da sau ɗaya a yini, saboda haka ya fi saurin cinye adadinsa. Wanda ya yi niyyar riƙe S25 har 2032 ya sa kuɗin sake batir cikin lissafinsa tun yanzu. Ba banza ba kamfanin Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, ya mamaye kasuwannin Afirka: tun da wuri ya gane batir mai daɗewa da gurbin layi biyu sun fi wa mutanenmu amfani bisa siririn jiki.

A taron Janairun nan, yawancin lokaci an kashe shi ne wajen nuna dabarun ƙirƙirarriyar basira, irin su fassara magana nan take da taƙaita rubutu. Ba mu raina su ba, sai dai waɗansunsu an aika wa masu S24 kyauta bayan 'yan watanni, fassarar kuma a 2025 babu Hausa cikin harsunan da ta ke ji.

To, wa ya kamata ya biya? Akwai mutum guda wanda kuɗin ya halatta a kansa: wanda ke son ƙaramar waya marar nauyi, gram 162, mai ƙwaƙwalwa mai ƙarfi, mai shiga aljihun riga ba ta ja shi ƙasa ba, yana kuma zaune inda wuta ba ta yanke masa. Irin wannan waya ba ta da yawa a kasuwa, kuma Samsung yana da wata fa'ida a nan ƙasar wadda ba a rubuta ta a kwali: masu gyara a Farm Centre ta Kano da sauran kasuwannin waya sun san cikinta, kayan gyaranta suna samuwa, in an tashi sayarwa kuma tana da masu so, abin da mai OnePlus ko Pixel ba zai samu da sauƙi ba. Ga sauran jama'a kuwa, malamin da aikinsa kira ne da saƙo da karatu da hoton takarda, hukuncinmu shi ne kayan S25 ba su kai kuɗin da aka yanka mata ba, kuma shaidar da ta fi kashe ta ita ce 'yan'uwanta na gida ɗaya waɗanda suka fi ta batir da saurin caji a kan kuɗi ƙasa da nata.

Saura kalma guda ga masu sayen ta hannu. Tun da idon hoton bai sake ba, mai saye zai iya cewa bari ya ɗauki S22 ko S23 da araha ya huta. Sai ya lura da abu biyu. Shekarun alkawari daga ranar da waya ta fito a ke ƙirga su, ba daga ranar da ta shigo hannunka ba, kuma alkawarin shekara bakwai bai haɗa da waɗannan biyun ba: shekara biyar aka yi musu, watau gyaran tsaron S22 zai ƙare a 2027, na S23 a 2028. S24 ce ta farko da za ta kai 2031. Na biyu, batirin wayar da ta yi shekara uku a hannun wani ya riga ya ci rabonsa, saboda haka kafin a biya a sa mai kaya ya buɗe manhajar Samsung Members a gwada lafiyar batirin a gaban mai saye, in ya nuna rauni a cire kuɗin sabo daga cikin ciniki.